Lissafin ƙwayar cutar da ake turawa ta yaƙi ciwon daji

Duk wanda ya taɓa juya kuɗi a kasuwa ya san mai cin uwar kuɗi ba ya daɗewa a rumfa. Irin wannan lissafi muka tarar a binciken masana kan ciwon daji.

Akwai ƙwayoyin cuta da ake kira bairos, waɗanda masana ke sauya wa halitta domin su shiga ƙwayoyin ciwon daji, su hayayyafa a ciki, su fasa su, 'ya'yansu kuma su kama na kusa. Ƙasar Sin ta amince da irin wannan magani mai suna H101 a 2005, Amurka kuma ta amince da T-VEC a 2015 domin wani nau'in sankarar fata.

Masana lissafi kan auna abubuwa uku a kwamfuta: saurin girman ciwon, saurin yaɗuwar bairos, da saurin da garkuwar jiki ke kawar da shi. A 2001 masani Dominik Wodarz ya nuna da lissafi cewa bairos mai gaggawar kisa kan hallaka ƙwayar da ya shiga tun bai hayayyafa sosai ba, sai ya ƙare, ciwon ya ci gaba. Ya cinye jarinsa ke nan. Mai kisa daidai wa daida ya fi rage ciwon.

Sai dai mu yi hattara, jama'a. T-VEC a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri ake ajiye shi, likita ne ke yin allurarsa cikin ƙarin. Wanda ya tallata mana shi a tebur, damfara ce. Duk wanda ya ga ƙari a jikinsa, ya garzaya asibiti da wuri.