Yaronka Ya Fi Ƙarfin Lissafin Ajinsu? Kada Ka Je Makaranta da Faɗa

Akwai yaran da tun malami bai gama rubuta lissafi a allo ba sun ɗaga hannu. Ba a rasa irinsu a makarantunmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abin takaici, mu iyaye ne muke ɓata baiwar da hannunmu, muna ganin gata muke yi.

Wani maƙwabcina yana da yaro ɗan aji 2 a firamare. In aka aike shi shago, kafin mai shago ya lalubo kalkuleta ya faɗi canjin. A aji kuwa ana nan ana fama da biyu a tara da uku. Sai ya gama nasa nan take, ya juya yana tsokanar na kusa da shi, ya sha bulala, har aka laƙaba masa fitinanne. Da labari ya kai wa uban, bai duba littafin yaron ba, bai nemi hedimasta ba. Babur ya hau ya dira ƙofar aji, a gaban ɗalibai yake cewa malamar ba ta san aikinta ba, a kai masa ɗansa aji 4 yau-yau. Don a rabu lafiya aka kai shi. Zango bai ƙare ba yaron ya tsani makaranta, domin lissafin aji 4 cikin jimlolin Turanci yake zuwa, shi kuwa ko karatun aji 2 bai zauna masa ba. Yanzu kullum safiya sai an raka shi da tsumagiya.

Haba jama'a! A yankin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, malamar da har yau take fitowa ta tsaya gaban aji cike maƙil ita za ka ci wa mutunci? Ai gaisuwa ta cancanta.

Kafin ka ce ɗanka gwani ne, gwada shi, don hadda daban, fahimta daban. Yaro na iya rera jadawalin sau har zuwa 12 bai san me yake faɗa ba. Ce masa buhun masara mai tiya 40 aka sayo a kasuwar Sheme, za a raba wa gida 5, amma gida ɗaya ya riga ya ɗebi tiya 3. Nawa ya rage masa? In ya amsa, ka ce ya nuna maka yadda ya yi da tsakuwa. Wanda ya gane zai nuna, mai hadda zai sosa ƙeya.

In ka tabbatar, ɗauki littafinsa ka je bayan an tashi, ka yi sallama. Ka ce: "Malama, ga aikin ɗanki, na ga yana gamawa da wuri, sai ya koma ƙiriniya. Ko yaya kike ganinsa?" Sannan ka yi shiru ka saurara, don wataƙila ta san raunin da kai ba ka sani ba. Abin da za ka roƙa shi ne a riƙa ba shi tambaya ɗaya ko biyu masu sa tunani. Kada a ninka masa irin waɗanda ya riga ya iya, don yaro zai ɗauka horo ne, gobe ya ja ƙafa da gangan. Kada kuma ka yarda a mai da shi mai rubuta sunan masu surutu ko ɗan aiken malamai. Baƙin jini kawai zai jawo masa. Maganar tsallake aji kuwa a ajiye ta, sai an ga karatu da rubutu da shekarunsa sun kai.

Ka koma bayan 'yan makonni. In ba abin da ya canza, sai hedimasta, sai taron iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta. Ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ne na ƙarshe, ba na farko ba.

Lissafi dai ba baƙonmu ba ne. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi, kowane layi ya ba da jimilla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Zana wa yaronka gida 9 a ƙasa, ka ce ya zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai tashi 15. Zai yini yana kai. Idan kuma ya kai aji 6, tambayi hedimasta lokacin jarabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantar masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja, tun kafin a rufe rajista.