Rawar Malami Mai Jagoranci a Binciken Kimiyya na Ɗaliban Digiri na Farko: Misali Daga Gaya da Ajingi

3.1 Gabatarwa

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda malami yake jagorantar ɗalibi a binciken kimiyya na kammala digiri na farko. Za a ɗauki misali daga ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, waɗanda suke gabashin Jihar Kano, kuma akasarin mutanensu manoman gero da dawa da gyaɗa da wake ne. Jami'ar da ta fi kusa da su ita ce ta Kimiyya da Fasaha da ke Wudil, wadda ta fara aiki a shekarar 2001, aka kuma sanya mata sunan Aliko Dangote a shekarar 2022.

3.2 Ma'anar Jagoranci

Jagoranci a nan yana nufin ɗora ɗalibi a kan hanyar da zai gano amsa da kansa, kuma ya iya kare ta a gaban masu jarrabawa. Wato aikin malami ya wuce gyaran rubutu da sa hannu a kan kundi. Shi ne zai nuna wa ɗalibi yadda ake tsayar da tambaya, da yadda ake tsara gwaji, da kuma yadda ake faɗin gaskiyar abin da aka samu.

3.3 Tsayar da Tambaya

Sau da yawa ɗalibi yakan zo da batu mai faɗi, kamar matsalolin noma a ƙasar Gaya. Irin wannan ba ya gwaduwa. Malami zai taimaka masa ya taƙaita shi zuwa tambaya guda. Haka kuma dole a yi la'akari da lokaci, domin damina a wannan yanki takan kama ne daga watan Yuni zuwa Satumba. Ɗalibin da ya zaɓi nazarin wuta-wuta a gonakin dawa, idan damina ta wuce shi, to sai baɗi. Saboda haka wanda ya fara da rani, gara a karkatar da shi ga batun da ya dace da rani, misali ajiyar wake.

3.4 Tsara Gwaji

A ɗauka ɗalibi ya sayo wake a kasuwar Gaya ko a wajen manoman Toranke ta ƙasar Ajingi, yana son sanin hanyar da ta fi kare shi daga ƙwaro. Zai kwatanta buhu na yau da kullum da buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a shekarar 2007. Shi wannan buhu yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Idan an ɗaure shi sosai, iskar da ƙwaron yake shaƙa takan ƙare, sai ya daina ci da haihuwa.

A nan malami zai koya wa ɗalibi ƙa'idoji uku. Na farko, a bar wani kaso ba tare da an yi masa komai ba, domin da shi za a auna sauran. Na biyu, a maimaita kowace hanya a buhuna uku ko huɗu, saboda buhu ɗaya ba ya zama hujja. Na uku, a raba waken ta hanyar ƙuri'a, don kada son rai ya shiga. Waɗannan ƙa'idoji suna cikin waɗanda Ronald Fisher na Ingila ya bayyana a littafinsa na shekarar 1935 a kan tsara gwaji. Tun da ƙwaron wake yakan cika rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin kimanin wata guda, wata uku ya isa a ga bambanci. Ɗalibi zai ɗibi ƙwayar wake 100 daga kowane buhu, ya ƙirga masu huji, ya kuma auna nauyinsu.

3.5 Riƙon Amana

Babban haɗari shi ne ɗalibi ya ga lokaci ya ƙure, ko sakamako ya saɓa wa zatonsa, sai ya ƙirƙiri alƙaluma. Maganin wannan shi ne malami ya riƙa duba littafin da ɗalibi yake rubuta awo a ciki duk mako, ya kuma sanar da shi cewa rashin samun bambanci shi ma sakamako ne. Bugu da ƙari, ya umurce shi ya nemi izinin dagaci ko mai unguwa kafin shiga ƙauye, sannan ya koma ya bayyana wa manoma abin da ya gano da Hausa.

3.6 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ingancin kundin ɗalibi ya dogara ne a kan kulawar da ya samu tun daga zaɓen batu. Idan kulawar ta yi rauni, ɗalibi zai fita da takarda ba tare da sanin aiki ba, manomin da ya bi shawararsa kuma yana iya rasa waken da ya noma.