Ƙananan ƙwari a cikin kyamara ta hannu: dalilin shigarsu da yadda ake kawar da su

Yawancin masu sana'ar ɗaukar hoto a Maiduguri, tun daga masu bin bukukuwan aure har zuwa masu jiran hawan Sallah a ƙofar fadar Shehun Borno, da kyamara ta hannu suke fara sana'a, domin sabuwa ta fi ƙarfin aljihunsu. Wani lokaci sai bayan an biya kuɗi an kai gida mai ita zai sa ido a tagar leƙe, ya ga wani ɗan ɗigo yana tafiya a ciki. Nan da nan hankali ke tashi, domin sau da yawa kyamarar ita ce jarin gaba ɗaya.

Waɗannan halittu galibi iri biyu ne. Akwai wadda masana ke kira kwarkwatar littafi, mai tsawon milimita ɗaya zuwa biyu, akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi dangin gizo-gizo da ba su kai ta girma ba. Ba sa cizon mutum, ba sa cin gilashi ko waya. Abincinsu fumfuna ne da dattin da ke taruwa a lungunan na'ura, fumfuna kuwa ba ta tsirowa sai inda danshi yake. Saboda haka ganin ƙwaro a cikin kyamara shaida ce cewa ta daɗe a wuri mai laima, ko dai a ɗakin ajiyar wata ƙasa mai yawan ruwa, ko a cikin kwantena a tashar jiragen ruwan Legas, ko kuma a Maidugurin kanta. Ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau, ta mamaye Kasuwar Monday da unguwanni irin su Gwange da Fori, kuma kayan da ruwa bai taɓa ba ma sun kwana cikin ɗakuna masu jiƙaƙƙen bango na makonni.

A kyamara mai madubi a ciki, ƙwaron da ake gani ta tagar leƙe yawanci yana kan ɗan allon da ke saman madubin ne, don haka ba ya fitowa a hoto. Fumfunar da ta jawo shi ita ce abin tsoro: idan ta kama gilashin gaba takan shimfiɗu kamar saƙar gizo, ta ci rufin da ke jikin gilashin, ta bar tabon da gogewa ba ta fitarwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko maganin feshi. Maganin sauro yana da maiƙo da ke kwanciya a kan madubi da sensa, yana kuma iya narkar da roba. Masu ƙarfi irin su Sniper da ota-fiya-fiya sun fi haɗari, domin kyamara abu ce da ake mannawa a ido da hanci duk yini. Tun a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni. Shanya ta a rana ma ba dabara ba ce. Zafin Afrilu a Maiduguri yakan haura digiri 40, wanda zai sa man da ke cikin gilashi ya kwarara inda bai kamata ba, hasken rana kuma idan ya ratsa gilashin yana iya ƙona cikin na'urar.

Maganin da ya fi aminci shi ne bushewa. Waɗannan ƙwari daga iska suke samun ruwan jikinsu, kuma ba sa jurewa idan danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 50 cikin ɗari. Ana cire batir da katin ajiya, a raba gilashin da jikin kyamarar, a kifa bakinta ƙasa a hura mata iska da robar hurawa, ba da baki ba, domin numfashi danshi ne. Sannan a saka su cikin roba mai murfi da iska ba ta shiga, tare da ƙunshin silika masu yawa, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani. Tsohuwar silika ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai an gasa ta a wuta mara ƙarfi kafin ta sake aiki. Haƙuri ne babban sharaɗi: a bar robar a rufe makonni uku zuwa huɗu, domin ƙwai sun fi iyayen juriya, kuma ana so su ƙyanƙyashe su tarar da bushewar.

A nan yanayin Borno yana taimakon mai kyamara. A watannin Fabrairu da Maris danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20, ta yadda ɗaki mai inuwa da iska ke ratsawa kan yi rabin aikin, muddin an kare na'urar daga ƙurar hunturu. Yuli zuwa Satumba ne lokacin sa ido.

Gidajen adana kayan tarihi suna kashe irin waɗannan ƙwari da sanyi, inda suke rufe kaya a leda su ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili na kimanin mako guda. Hanyar tana aiki, amma tana buƙatar lantarki da ba ya yankewa. Firizar da ke ɗaukewa tana dawowa raɓa za ta tara a cikin kyamarar, a ƙare da ɓarnar da ta fi ta ƙwaron.

Jaka da igiyar rataye su ne maɓoyar da ake mantawa da ita. Su kam a wanke su, a shanya a rana sosai, in ba haka ba kyamarar da aka busar za ta koma inda ta kwaso matsalar. Gawar ƙwaron da ta maƙale a can ciki, ko fumfunar da ta riga ta shiga tsakanin gilasai, aikin ƙwararren mai gyara ne. Mai shirin saye kuma ya haska fitilar waya ta cikin gilashin, ya shinshina jakar, ya leƙa tagar yana fuskantar farin bango na minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙa kuɗi.