Daga zaure zuwa wayar hannu: me ake nufi da “architecture”?

Kwanakin baya wani dattijo maƙwabcinmu a nan Garwa ya tare ni bayan sallar la'asar da takarda a hannunsa. Ɗansa da ke karatun kwamfuta ne ya aiko da jerin darussan da za su yi, kuma a layin farko an rubuta “architecture des ordinateurs”. Sai ya ce mini: “Malam, ni na biya wa yaron nan kuɗin karatun kwamfuta, ashe gini ya je koyo?” Na ce masa: “Baba, kwantar da hankalinka, kuɗinka bai faɗi ba.” Duk da haka dattijon yana da gaskiya a tambayarsa. Mu da muke magana da Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci kuma a makaranta da ofis, mun saba jin wannan kalma ne a kan gine-gine kaɗai. Yau ga ta a bakin masu gyaran waya da injiniyoyin intanet.

Asalin kalmar

Kalmar ta fito ne daga harshen Girka, inda “arkhitekton” ke nufin shugaban magina. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan matsayi, domin a masarautunmu akwai Sarkin Magina. Ba shi ke kwaɓa ƙasa ba, ba shi ke miƙa tubali ba, amma shi ke cewa a nan za a sa ƙofa, a nan ginshiƙi zai tsaya, kaurin bango kaza ne zai ɗauki nauyin soro. Idan muna neman kalmar Hausa mafi kusa, to “tsari” ce: yadda aka raba abu gida-gida, aikin da kowane sashe yake yi, da yadda sassan suke haɗuwa.

Wani masanin gini na daular Rum mai suna Vitruvius, wanda ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa gini na ƙwarai yana bukatar abu uku: ƙarƙo, amfani da kyau. Har yau da waɗannan ake fara koyar da ɗalibai, kuma da su za mu iya auna abin da ke kewaye da mu.

Tsarin gidanmu

Duk wanda ya shiga tsofaffin unguwannin Garwa, Marwa ko Ngaundere ya san gida ba ya farawa da falo. Yana farawa ne da zaure, wanda Fulani ke kira jawleru. A nan maigida ke karɓar baƙi, a nan almajirai ke karatu, a nan baƙon namiji yake tsayawa. Ƙofar shiga da ta fita ba sa kallon juna, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Ba ado ne ya kawo wannan ba. Tsari ne da yake faɗin wa ke da izinin shiga ina, ba tare da an sa mai gadi ba.

Kayan aikin ma an zaɓe su ne da dalili. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi. Azara ta giginya tana jure wa gara. Indararo yana kai ruwan sama nesa da bango. Da bakan gizo, wato azara da aka jera aka lanƙwasa aka lulluɓe da ƙasa, maginan Hausa suka rufe manyan ɗakuna ba tare da ƙarfe ba. Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830.

Arewacin Kamaru yana da nasa abin alfahari. A yankin Pouss da Maga, kusa da kogin Logone, Musgum sun shahara da ɗakin da suke kira tolek, wanda Faransawa suka laƙaba wa “case obus”. Da hannu ake gina shi da laka, tsayinsa kan kai mita 9, bangon yana da kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Siffar lanƙwasarsa tana sa nauyi ya sauka ƙasa kai tsaye, shi ya sa ba ya bukatar ginshiƙi a tsakiya. Tudun-tudun da ke jikinsa, waɗanda baƙo zai ɗauka zane ne, matakala ce ta magini lokacin gini da lokacin yaɓe, kuma su ke raba ruwan sama don kada ya zaizaye bango. A duwatsun Mandara kuma akwai Diy-Gid-Biy, gine-ginen dutse da aka jera ba tare da laka ko siminti ba, waɗanda UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihin duniya a 2025.

Mai zane, injiniya da birkila

A zamanin yau aikin Sarkin Magina ya rabu. Wanda ake kira “architecte” shi ke zana taswirar gida: ina ɗakuna za su fuskanta, ta ina iska za ta shiga, ina ruwa zai bi. Injiniyan gini shi ke lissafin nauyi, yawan rodi da zurfin harsashi. Birkila da kafinta su ke aiwatarwa. A Kamaru masu zanen gine-gine suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, ONAC, kuma doka ta bukaci a nemi izinin gini daga hukumar gari kafin a fara.

Da yawa cikinmu muna tsallake matakin farko saboda gudun kashe kuɗi. Mutum ya sayi bulo da kwano, ya nuna wa birkila gidan wani ya ce a yi masa irinsa. Sakamakon muna ganinsa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40: ɗaki mai siririn bango da kwano ba silin, taga ɗaya tana kallon yamma, dole iyali su kwana a tsakar gida. Muna ganinsa kuma da damina. Ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ya cika aka saki ruwa daga madatsar Lagdo, ta nuna wa mutanen Garwa da na jihar Adamawa a Najeriya cewa zaɓen wurin gini da tsayin daɓe ba ƙaramin abu ba ne.

Ba wai a koma jiya ake cewa ba. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker, babbar kyauta a wannan fanni. A Dandaji ta Nijar ma, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa a gefensa.

Yadda kalmar ta shiga kwamfuta

A 1945 masanin lissafi John von Neumann ya rubuta rahoto a Amurka kan wata na'ura mai suna EDVAC. A ciki ya bayyana tsarin da kusan kowace kwamfuta ke bi har yau: sashen da ke lissafi da ba da umarni, ma'adanar da ke riƙe bayanai tare da umarnin kansa, hanyar shigar da bayani, da hanyar fitar da shi. A kwatanta da shagon tela. Telan shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, teburin da yake yanka a kai shi ne abin da ake kira RAM, kabad ɗin da yake ajiye yadudduka kuma shi ne ma'ajiyar dindindin. Komai gwanintar tela, idan teburinsa ƙarami ne, zai ɓata lokaci yana kai da komo tsakanin tebur da kabad. Wannan ne dalilin da waya mai babbar ma'ajiya take iya yin nauyi idan RAM ɗinta kaɗan ne.

Kalmar kanta ta zauna da gindinta ne a 1964, lokacin da kamfanin IBM ya fito da jerin kwamfutoci na System/360. Injiniyoyinsa, Gene Amdahl, Gerrit Blaauw da Fred Brooks, sun bambance abu biyu: tsarin da mai rubuta manhaja yake gani, da kuma kayan da aka ƙera na'urar da su. Ƙaramar kwamfuta da babba suna iya bambanta a farashi da sauri, amma muddin tsarinsu ɗaya ne, manhaja ɗaya za ta yi aiki a kansu. Kamar taswirar gida ce guda: wani ya gina da tubali, wani da bulon siminti, amma zaure yana nan inda yake.

Abin da ke cikin aljihunka

Kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da jerin umarnin da take ganewa, kamar harshenta. Manyan iyalai biyu ne suka mamaye kasuwa. Akwai x86, wanda ya samo asali daga Intel 8086 na 1978, shi ke cikin yawancin kwamfutocin tebur da na cinya. Akwai ARM, wanda kamfanin Acorn ya fara ƙerawa a Kambirij ta Ingila a 1985, kuma saboda ba ya shan wuta sosai shi ke cikin kusan dukkan wayoyin hannu, ko Tecno ce, ko Itel, ko Samsung, ko iPhone. Daga 2020 kamfanin Apple ma ya fara mayar da kwamfutocinsa kan ARM. Akwai kuma RISC-V, wanda aka fara a jami'ar Berkeley a 2010, wanda kowa zai iya amfani da tsarinsa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Wannan bayani yana da amfani a kasuwa. Idan aboki ya tura maka manhaja daga wayarsa ta ƙi sauka a taka, sau da yawa ba wayar ce ta lalace ba: an shirya fayil ɗin ne don tsarin 64-bit, taka kuwa tana kan 32-bit. Haka kuma kwamfuta mai tsarin 32-bit ba ta iya amfani da RAM fiye da gigabait 4 a bisa al'ada, domin adadin adireshin da take iya ƙirgawa ke nan. Duk wanda zai sayi kwamfuta ta hannu ya duba wannan kafin ya biya kuɗin ƙarin RAM.

Tsarin manhaja da na sadarwa

Ma'ana ta uku ita ce tsarin manhaja. Lokacin da ka danna lambobi don tura kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo, kuɗin ba a cikin wayarka suke ba. Wayar saƙo kawai take aikawa zuwa babbar kwamfutar kamfani, can ake tantance lambar sirrinka, a rage daga asusunka, a ƙara a na wanda ka tura wa. Wanda ya tsara wannan ya yanke shawara irin ta mai zaure: baƙo ya tsaya a nan, sai an san ko shi wane ne kafin ya wuce ciki. Shi ya sa mai damfara ba ya wahalar da kansa da fasa bango. Kiranka yake yi ya roƙi lambar sirri, wato ka buɗe masa ƙofa da hannunka.

Dangantakar fannonin biyu ba a suna kaɗai ta tsaya ba. Littafin da masanin gini Christopher Alexander da abokan aikinsa suka fitar a 1977, A Pattern Language, ya tattara matsalolin da ke maimaituwa a gini tare da maganinsu. Masu rubuta manhaja suka ari wannan dabara, har ta haifar da littafin Design Patterns a 1994, wanda ɗaliban kwamfuta ke karantawa har yanzu.

Ma'ana ta huɗu ita ce tsarin sadarwa. Saƙon da ka aika daga Garwa zuwa ɗan'uwanka a Kumasi ko Jidda yana bi ta eriya, ya shiga wayar gilashi da ke binne a ƙasa, ya gangara kudu zuwa bakin teku a Duwala, Limbe ko Kribi, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka. A ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke kusa da Kodibuwa, intanet ya tsaya ko ya yi rauni a ƙasashe da dama, ciki har da Gana, Najeriya da Kamaru. Darasin shi ne na rumfa mai dirka ɗaya: idan dirkar ta karye, rumfar ta faɗi. Mu a arewa mun san wannan ta fuskar lantarki. Shekaru da dama jihohin arewa uku sun dogara ne kusan kacokan kan madatsar Lagdo mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar ƙarin dirka ne ga wannan rumfa.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Ko gida za ka gina, ko manhajar lissafin shago za ka sa a rubuta maka, tambayoyin iri ɗaya ne. Wa zai yi amfani da shi, kuma a wane yanayi? Idan iyali ko ciniki ya ƙaru, za a iya faɗaɗawa ba tare da an rushe ba? Idan sashe ɗaya ya lalace, sauran za su tsaya? Wa zai iya gyarawa a nan kusa, kuma da kayan da ake samu a kasuwarmu? Kuskuren fenti ana gyara shi da yamma ɗaya, amma kuskuren harsashi sai an tone. A manhaja ma canza launin shafi abu ne mai sauƙi, amma canza yadda aka tsara ajiyar bayanai bayan shekara biyu ana aiki yana iya cin kuɗin da ya fi na farko.

Ga iyaye masu yara a Jami'ar Marwa, ta Ngaundere ko sabuwar Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, idan kun ga wannan kalma a takardar yaro, ku dubi kalmar da ke biye da ita. In “des ordinateurs” ce, ƙirar kwamfuta yake koyo. In “logicielle” ce, tsarin manhaja. In “des réseaux” ce, tsarin sadarwa. In kuwa ita kaɗai ce tsaye, to zanen gine-gine ne. Da na gama yi wa maƙwabcina wannan bayani, sai ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce to idan yaron ya dawo hutu ya fara da duba masa wayar da ta ƙi karɓar manhajar Alƙur'ani tun azumin bara.