Kare Ma Da Takardunsa: Yadda A Ke Kai Kare Ingila Cikin Jirgin Sama

A ce ga wani ma'aikaci a Kumasi, ko Yamai, ko Kano, an yi masa canjin wurin aiki zuwa birnin London. Ya sami biza, ya yanki tikitin kansa da na iyalinsa, an ɗaure kaya. Saura abu guda, watau karen gidan, wanda ya shekara biyar yana gadi, yara kuwa sun kafe ba za su tafi su bar shi ba. Maigida ya ɗauka abin mai sauƙi ne: a sa shi cikin akwati, a kai filin jirgi, a biya abin da aka yanka. To, in haka ya yi, da wuya kamfanin jirgin ya yarda ya ɗauki karen. In kuwa aka yi kuskure ya isa Ingila, ma'aikata za su karɓe shi su killace, har tsawon wata 4 in ta kama, ci da kwana duka a wuyan mai shi. Doka kuma ta ba su ikon komar da shi inda ya fito, ko ma a kashe shi.

Mai sauraro zai tambaya, me ya yi zafi haka a kan kare? Amsar ita ce ciwon haukan kare. Ƙwayar wannan cuta tana cikin miyau, ta kan shiga jikin mutum ko dabba ta wurin cizo, sa'an nan ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu cizon kare ne sanadi. Abin da ya fi ba hukumomi tsoro shi ne jinkirin da cutar ta ke yi kafin ta fito fili. Galibi ta kan ɗauki wata 2 zuwa 3 tana kwance, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci har shekara. Saboda haka kare yana iya sauka daga jirgi garau, yana wasa yana kaɗa wutsiya, alhali kuwa yana ɗauke da ita.

Mutanen Ingila sun ɗanɗana wannan. A shekarar 1897 suka kafa dokar shigo da karnuka, suka haɗa da sa wa karnukan gari takunkumi, har cutar ta ɓace a 1902. Sai ga shi a 1918 ta komo, ta hanyar karnukan da aka shigo da su a ɓoye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a sake gamawa da ita ba sai 1922. A 1969 kuma wani kare da aka kawo daga Jamus ya cika kwanakinsa na tsare, aka sake shi, daga baya ya haukace a garin Camberley, hankalin ƙasa duka ya tashi. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa aka yi kusan shekara 100 duk karen da ya zo daga ƙetare sai ya yi wata 6 a killace, ko na jakada ne ko na attajiri. Sai a watan Fabrairu na 2000 aka fara sassautawa ga dabbobin da suka fito daga waɗansu ƙasashen Turai. Ran 1 ga Janairu 2012 kuma aka ɗauke tilas ɗin killacewa ga kowace ƙasa, muddin an cika sharuɗɗa. Watau jiran da kare ya kan yi cikin keji a Ingila, yanzu a gidan mai shi ya ke yinsa kafin ya taso.

To, bari mu bi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, domin jerinsu yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya sa na biyu gaban na fari, aikinsa ya ɓaci, sai ya sake daga tushe.

Na fari shi ne shaidar karen kansa. Likitan dabbobi ya kan cusa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fatarsa, wajen wuya ko tsakanin kafaɗu. Tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, wadda ba wani kare a duniya da ke da irinta, ana karanta ta da abin aunawa na hannu. Lambar nan ita ce sunan karen a idon hukuma, kuma dole ta bayyana daidai a kan kowace takarda. Alƙalami ɗaya ya kauce, takardar ta zama ta wani kare dabam.

Na biyu, allurar rigakafin haukan kare. Ba a yin ta sai kare ya kai mako 12 da haihuwa, kuma sai bayan an sa na'urar. Allurar da aka yi kafin a sa na'ura ba ta cikin lissafi, gama ba yadda za a tabbatar cewa wannan karen ne aka yi wa.

Na uku, a nan ne hanya ta rabu biyu. Ingila ta kasa ƙasashen duniya kashi kashi. Waɗanda ta amince da tsarinsu, kamar ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Kanada da Japan, karensu kwana 21 kawai zai jira bayan allura. Amma Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan ba sa cikin wannan jeri. Karen da ya fito daga cikinsu sai an ɗebi jininsa bayan aƙalla kwana 30 da yin allura, a aika ɗakin binciken da hukuma ta yarda da shi, kamar na Onderstepoort a Afirka ta Kudu, ko ɗaya daga cikin na Turai. Abin da a ke nema shi ne a ga ƙarfin kariya cikin jinin ya kai rabin awo guda na ma'aunin duniya a kowace mililita, watau 0.5. In ya kai, sai a jira wata 3 cur daga ranar da aka ɗebi jinin. In bai kai ba, sai a sake allura, a sake ɗiban jini, a sake ƙirga kwanaki. Dalilin jiran kuwa a fili ya ke: gwajin jini yana nuna allura ta kama, amma ba ya nuna ko karen ya riga ya kamu kafin a yi masa ita. Lokaci ne kaɗai ke tona wannan.

Alal misali, in an sa na'ura aka yi allura ran 1 ga Janairu, ba za a ɗebi jini ba sai ran 31 ga wata, karen kuwa ba zai tashi ba sai wajen farkon Mayu. Wata 4 ke nan, in komai ya tafi daidai. Ɗan kwikwiyo kuwa ba zai iya shiga ba sai ya kai kamar wata 7.

Na huɗu, maganin tsila. Akwai wata irin tsila ƙarama da ke cikin hanjin yanyawa da karnuka a sassan Turai da Asiya, wadda in ƙwanta ya shiga cikin mutum ya kan lalata hanta. Babu ita a Ingila, ba sa kuwa son ta shigo. Don haka sai likita ya ba kare magani mai sinadarin praziquantel, tsakanin awa 24 da awa 120 kafin ya sauka, ya rubuta rana da sa'a. A lura, da lokacin sauka a ke lissafi. In jirgi ya yi latti har awa 120 ta wuce, sai a sake.

Na biyar, takardar shaidar lafiya, wadda likitan gwamnati na ƙasar da za a baro zai sa wa hannu ko ya buga wa hatimi. Dole karen ya isa cikin kwana 10 da ba da ita. Ƙasashe da yawa kuma suna da tasu takardar izinin fitar da dabba. Har ila yau, sai mai karen ya yi tafiyarsa cikin kwana 5 kafin karen ko bayansa, in ba haka ba a ɗauke shi ɗan kasuwa, a bi da shi ta wata doka mai tsanani. Akwai ma irin karnukan da ba takardar da za ta shigar da su. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta haramta waɗansu iri, ciki har da Pit Bull da Tosa na Japan.

Sai maganar tafiyar kanta. Waɗansu ƙasashe su kan bar ƙaramin kare ya zauna cikin jaka a ƙafar mai shi. Ingila ba ta yarda da haka a jiragen fasinja ba, sai ga karen da aka horar don ja wa makaho gora ko taimakon wani mai naƙasa. Sauran duka a matsayin kaya su ke zuwa, da takardar dakonsu, a ɗakin da ke ƙarƙashin jirgi, inda a ke daidaita iska da ɗumi, kuma a kan sanar da matuƙi cewa akwai mai rai a ciki. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ta tsara yadda akwatin zai zama: mai ƙarfi, mai kafofin shan iska, da mazubin ruwa, da faɗin da kare zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta sosai. Likitoci sun hana ba shi maganin barci, domin ya kan rage ƙarfin bugun jini, ya kuma tauye numfashi a sama. Abin da ya fi amfani shi ne a saba masa da akwatin tun da sauran makonni, yana ci yana kwana a ciki. Karnuka masu ɗaɓaɓɓen hanci, irin su Bulldog da Pug, kamfanoni da yawa ba sa ɗaukarsu sam, gama su ne suka fi mutuwa a hanya. Zafi ma abin dubawa ne. Wanda zai taso daga ƙasashenmu da bazara, gara ya nemi jirgin dare, don awa guda a kan kwalta da tsakar rana ta isa ta halaka dabba. Idan an sauka filin jirgin Heathrow, a kan wuce da kare wata cibiya ta karɓar dabbobi, a karanta lambarsa, a duba takardu, abin da kan ɗauki 'yan sa'o'i kafin a miƙa shi.

To, nawa ne kuɗin? Farashi yana bin kamfani da nisa da shekara, amma yadda a ke lissafinsa bai canja ba. Girman akwati a ke sayarwa, ko da karen ba shi da nauyi. A ƙa'idar dakon kaya ta sama, a kan ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a raba da 6,000, abin da ya fito shi ne nauyin da za a biya. Akwati mai tsawon santimita 100, faɗi 70, tsayi 75, ya tashi kilo 87 da rabi, ko da karen da ke ciki kilo 30 ne. Ga kuɗin likita, da na gwajin jini da aika shi ƙetare, da na akwatin, da na hatimin gwamnati, da na cibiyar karɓa, da ladan wakilin da zai fito da shi daga kwastan, gama kamfanoni da yawa ba sa karɓar dabba sai ta hannun wakili. Akwai kuma harajin kashi 20 cikin 100 a kan darajar karen da kuɗin dakonsa, sai dai wanda ke ƙaura da zama yana iya neman a yafe masa, in ya cika takardar tun kafin ya taso. In an tara duka, sau da yawa kuɗin karen ya kan fi tikitin ubangidansa.

Kada a zaci Ingila kaɗai ke da wannan tsanani. Amurka, wadda ta rabu da haukan kare irin na karnuka a 2007, ta fito da sabuwar doka ran 1 ga Agusta 2024: ba karen da zai shiga sai ya kai wata 6, yana da na'urar lamba, an kuma cika masa takarda ta intanet. Wanda aka yi wa allura a ƙasar da cutar ta yi yawa, sai an kama masa wuri a cibiyar da hukuma ta amince da ita, in kuwa ba shi da gwajin jini, ya yi kwana 28 a killace. Ostareliya ta fi kowa. Kare ya kan jira kwana 180 bayan gwajin jini, ya kuma yi aƙalla kwana 10 a tsare a Mickleham kusa da Melbourne, daga ƙasashe da yawa ma ba a kawo shi kai tsaye, sai ya fara zama a wata ƙasa da aka amince da ita.

Shawararmu ga mai niyya ita ce ya fara shiri wata 6 kafin tafiya, ya karanta dokar ƙasar da za shi daga bakin hukumarta, domin dokokin nan su kan canja, ya kuma ajiye asalin kowace takarda. Ya tambayi kansa tsakani da Allah ko tsohon kare, ko marar lafiya, zai jure tafiyar, ko kuwa gara a bar shi hannun wani amintacce. Ga sauran masu sauraro da ba su da niyyar kai kare ko'ina, akwai abin ɗauka a nan. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ta kan mutu a wurin. Allurar nan da a ke tilasta wa karen da zai hau jirgi, ita ce dai wadda karen gadi da karen farauta ke bukata a gida, kuma yara su ne suka fi shan cizo. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga abin da hali zai yi.