Hanyar Share Fage Zuwa Karatun Likita: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gidaje da dama a Iku da sauran unguwannin Suleja sukan shiga irin zancen nan: yaro ko yarinya na son karatun likita, amma makin bai kai ba. Nan take sai masu ba da shawara su yi yawa. Wani ya ce a je a yi IJMB, wani ya ce a shiga ajin share fage, wani kuma ya ce a fara da makarantar kiwon lafiya, daga baya a tsallaka. Waɗannan hanyoyi uku ba ɗaya ba ne, kuma ɗaya daga cikinsu kusan ba ta kai mutum inda yake nufi.

A fara da tushe. Kafin a yi maganar kowace hanya, dole ɗalibi ya mallaki kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'o'i da yawa sun ƙara sharaɗin cewa ga mai neman likitanci, dole biyar ɗin su zo a zama ɗaya, ba a haɗa sakamako biyu ba. Wanda bai da wannan, duk kuɗin da zai kashe a gaba gini ne a kan yashi. Ya gyara sakamakonsa tukuna.

Babbar ƙofa ita ce jarabawar JAMB, wadda ake yi a kan maki 400, da Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wanda ya samu shiga zai yi shekara shida. Ta farko kimiyya ce zalla. Daga ta biyu ake shiga ilimin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, sannan a koma asibitin koyarwa, kamar na Gwagwalada ga ɗaliban Jami'ar Abuja, ko na Shika ga na Ahmadu Bello, ko na Malam Aminu Kano ga na Bayero.

Ƙofa ta biyu ita ce shiga kai tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE. A nan ne IJMB ta shigo. Tsari ne da ya samo asali tun 1976 a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ɗalibi zai zauna kimanin shekara guda a wata kwaleji ko cibiya da aka amince da ita, ya karanci darussa uku a mataki mai zurfi, ga mai son likitanci Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Idan ya ci, sai ya nemi gurbi a aji biyu na jami'a. Wato wannan shekara ta maye gurbin ajin farko. Akwai takwararta JUPEB, wadda ta fara a 2014 bisa jagorancin Jami'ar Legas, ta fi ƙarfi a kudu. Irin wuraren da aka san su da IJMB sun haɗa da makarantar share fage ta Ahmadu Bello da ke Funtuwa, da kwalejin CAS ta Kano.

Irin wannan lissafi ba a nan kaɗai ake yin sa ba. A Amurka, inda sai mutum ya gama digirin farko yake neman makarantar likita, masu ƙaramin ƙarfi sukan ɗauki darussan kimiyyar da ake buƙata a ƙananan kwalejoji na shekara biyu saboda araha, sannan su zauna da fargabar ko za a girmama sakamakon nasu. Tambayar tasu ita ce tamu: wanda za ka kai wa takardar, zai karɓa?

Ga gaskiyar da masu tallan cibiyoyi ba su cika faɗa ba. Ƙofar DE ta fi ta JAMB ƙunci. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, takan ƙayyade wa kowace makarantar likita adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta. Aji biyu kuwa ya riga ya cika da waɗanda suka hauro daga aji ɗaya, har ma akan tankaɗe wasu daga cikinsu a tura su wasu fannoni. 'Yan guraben da suka rage su ne masu IJMB da JUPEB za su yi rububi a kai, tare da waɗanda suka riga suka gama digiri da sakamako mai kyau a fannin kimiyya suka dawo neman likitanci. A lissafin makin IJMB, A tana da 5, B tana da 4, haka har zuwa E mai 1. Makin da zai shigar da mutum Bayoloji ko aikin gona cikin sauƙi ba zai ko girgiza ƙofar likitanci ba. A nan ana maganar A ne, sai ko B ɗaya idan an yi sa'a. Kuma manhajar shekara biyu ce a wasu ƙasashe, aka matse ta cikin watanni. Wanda Kemistirin sakandare ya wahalar, ya yi wa kansa adalci kafin ya shiga.

Ajin share fage na jami'a, wanda ake ce wa rimediyal, wani abu ne daban. Ba ya kai mutum aji biyu. Aji ɗaya yake kaiwa, kuma galibi a jami'ar da ta shirya shi kaɗai, sannan sai ɗalibi ya sake rubuta JAMB duk da haka. Amfaninsa shi ne ya gyara wa yaro kimiyyarsa. Amma share fage a jami'ar da ba ta da tsangayar likitanci ba zai haifar da likita ba, komai kyan sakamako.

Sai hanya ta uku, wadda ta fi yaudarar iyaye. Difloma daga makarantar fasahar kiwon lafiya sana'a ce mai daraja, kuma masu ita ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Sai dai akasarin jami'o'i ba sa karɓarta don shiga likitanci kai tsaye. Wanda ya shige ta da niyyar tsallakawa zai iya tarar da kansa, bayan shekara uku, yana sake sayen fom ɗin JAMB tare da ƙannensa.

Akwai kuma batun da ya shafi Suleja musamman. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimi, kuma Neja na cikinsu. To amma asalin jiha ake dubawa, ba unguwar da mutum ke kwana ba. Suleja gari ne da ya tara jama'a daga ko'ina saboda maƙwabtakarsa da Abuja. Yara biyu za su tashi a layi ɗaya a Iku, su yi makaranta ɗaya, amma lissafinsu a gaban jami'a ya bambanta saboda takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kowa ya zaɓi jami'a da sanin inda takardarsa ke da nauyi.

Maganar cibiyoyin bogi ba ƙarama ba ce. A 2023 JAMB ta bayyana cewa daga cikin takardun shiga kai tsaye 148 da Jami'ar Bayero ta tantance, shida kacal ne na gaskiya. Tun daga nan aka tsananta bincike, ana tuntuɓar hukumar da ta ba da sakamako kafin a ba da gurbi. Saboda haka duk mai cibiyar da ya ce muku yana da hanya, ko ya yi alkawarin maki kafin a zauna jarabawa, ku kama kuɗinku ku fita. Sakamakon jabu yana iya sa a kori ɗalibi ko da ya yi nisa a karatu. Haka nan duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS ta JAMB ba, wadda aka fara amfani da ita a 2017, ba gurbi ba ne.

A ganina, tsarin da ya fi hankali shi ne a fara daga ƙarshe. Ku je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kuke so, ku tambaya: kuna karɓar IJMB ko JUPEB a likitanci? Maki nawa kuka tsaya a kai bara? Mutum nawa kuka ɗauka ta DE? Amsar ta ukun ita ce mai muhimmanci, kuma ita ce ake mantawa a tambaya. Sannan ku tabbatar sunan cibiyar yana cikin jerin da hukumar jarabawar ta amince da su. Daga nan, ɗalibin da ya shiga IJMB ya sake yin rajistar JAMB a wannan shekarar, idan dokar rajistar shekarar ta ba da dama. Darussan guda ne, kuma wanda ya yi watanni yana fama da Fiziks mai zurfi yakan tarar tambayoyin JAMB sun yi masa sauƙi fiye da bara.