Sabo Turken Kare

Duk shekarar da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, kamar yadda ya yi a daminar 2022, ƙauyukan kwarin Taura da Ringim sukan wayi gari ana ɗaure kaya. Wasu su haura tudu, wasu su raɓa gidan dangi a Gujungu ko Majiya, wasu kuwa ba ruwa ke tashinsu ba, aiki ne ke kai su Dutse. Masu ƙaura sukan ƙirga buhu da akuya da kaji, amma ba sa ƙirga kare, don shi sawu yake bi. Sai an sauka ake ganin abin mamaki. Ɗan karen da ya hana unguwa barci da haushi ya shige ƙarƙashin amalanke, ya ɗora haɓa kan ƙafafu, ya cusa wutsiya, a zuba masa tuwo ya shinshina ya kau da kai.

Bahaushe bai yi tanadin wannan ba, domin a karin maganarsa ciki ne ke jan kare. An ce da kare ana biki a gidanku, ya ce in gani a ƙasa. Magana ce mai daɗi, kuma duk wanda ya ga kare yana gadin mahauta zai yi mata shaida. To amma ga kare ya gani a ƙasa ya ƙi ci. Ko dai karin maganar ta gaza, ko kuwa akwai abin da ya fi yunwa ƙarfi a zuciyar dabbar nan. Ni na fi karkata ga na biyu, kuma bakin da ya ce kare ka mutu da haushin kura ai ya riga ya amsa cewa kare yana riƙe abu a rai.

Gardamar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta masu cewa kyanwa ta gida ce, kare kuwa na mutum ne, saboda haka muddin maigidan yana nan, sauya gida bai kamata ya dami kare ba. Suna da hujja, mai ƙarfi ma. A 1998 masu bincike a birnin Budapest na ƙasar Hungari, ƙarƙashin József Topál, sun yi wa karnuka irin gwajin da ake auna shaƙuwar yaro da uwarsa da shi. Suka ga kare a baƙon ɗaki yana sakewa ya yi wasa idan mai shi yana nan, da zarar ya fita sai ya je ya tsaya bakin ƙofa. Kafin nan, a 1996, wani gwaji a jihar Ohayo ta Amurka ya nuna sinadarin tashin hankali yana hawa a jinin kare idan an kai shi baƙon wuri, ko da an haɗa shi da ɗan'uwansa kare, amma ba ya hawa haka idan mai kula da shi yana zaune kusa. Ga kuma Hachiko, karen Japan da ya riƙa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiran maigidansa da ya rasu a 1925, har shi ma ya mutu a 1935.

Duk da haka masu wannan gardama rabin gaskiya suka riƙe. Mu da ido muke sanin gari, kare da hanci yake saninsa. Ƙwayoyin jin ƙamshi a hancin mutum ba su wuce miliyan 6 ba, na kare kuwa sukan haura miliyan 200. Gindin darbejiyar da yake ɗaga ƙafa kowace safiya, da kusurwar danga, da hanyar rijiya, duk alamomi ne da ya dasa da kansa, yana bi yana karanta wa ya wuce da wa ya kwana. A sabon gida babu sunansa ko ɗaya, ko'ina warin wasu karnuka ne, kuma ƙaramin kare ya san bai isa ya yi jayayya da masu unguwa ba. Sa'an nan a dubi maigidan da ake cewa yana nan. A makon ƙaura yana can yana neman zana da azara, uwargida tana kafa murhu, yaran da ke jefa masa ƙanzo sun tafi ganin gari. An ce sabo turken wawa, to kare turke biyu gare shi, wuri da mutum. Ƙaura ta tuge na farko, hidima ta kwance na biyu.

Akwai masu cewa aljannun sabon gidan ya gani, shi ya sa yake kukan dare yana kallon inda babu kowa. Dabbar da ke jin sautin da ya ninka iyakar kunnenmu siranta ba ta buƙatar aljani kafin ta firgita. Motsin gafiya a bayan katanga ya ishe ta. Wanda ya fi cancanta a saurara shi ne mai cewa ciwo ne. Tsutsar ciki da kaska suna shanye jinin kwikwiyo har dasashinsa ya yi fari, kuma ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da cizo da gudu ba, wani lokaci da shiru yake zuwa, haɓa ta saki, yawu yana dalala. Kwikwiyon da ya wuni ya kwana bai ci komai ba, ko yake amai da zawo, maganarsa ta likitan dabbobi ce, kada kuma yaro ya sa masa hannu a baki. Allurar rigakafin hauka tun yana wata 3 ake yin ta.

Idan jiki lafiya ne, magani ba ya cin ko kwabo. A taho da tsohon buhun da yake kwana a kai da kaskon da ya saba, kada a wanke su don murnar sabon gida, warin da muke ƙyama shi ne garinsu da aka ɗauko masa. A ba shi abinci a lokacin da ya saba, da hannun da ya saba. Safe da yamma maigida ya zaga da shi bayan danga, ya bar shi ya shinshina ya yi alamarsa ba gaggawa. Batun ɗauri kuwa, masu yi suna da dalili, don kare yakan sulale ya koma kufai, wataƙila ma ruwa bai janye ba. Amma a yi shi na 'yan kwanaki, da doguwar igiya, a inuwa, inda yake ganin shige da ficen mutanen gida. Duka da tsawa dai ba su taɓa sa kare ya saki jiki ba.

Wani zai ce wannan ɗawainiya ta Turawa ce, mu ba ma sa kare a ɗaki. Babu wanda ya ce a sa shi. Shari'a ta halatta karen farauta da na kiwo da na gona, malaman Malikiyya da muke bi suna ganin kare mai rai ba najasa ba ne, hadisi ya zo da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, kuma karen Ashabul Kahfi a bakin kogo ya kwanta, ba ciki ba. Bakin zaure ya wadatar. Mafarauta sun ce ba a kiwon kare ranar farauta, kuma mai son gadi a sabon gida sai ya fara zama kusa da mai gadin na 'yan mintoci kowace rana. Yawanci cikin mako biyu ko uku wutsiya takan fara ɗagawa, kasko ya riƙa komawa fanko. Alamar da ba ta ƙarya kuwa ita ce ranar da mai tallar kifi daga Gujungu zai yi sallama, ɗan karen ya fito daga ƙarƙashin amalanke ya tare ƙofa da haushi.